Katin da Ya Sa Autana Gudu

Ni ban yi makaranta ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba. 'Yata ce take riƙe da biro, ni ina faɗa. Na ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, in kuka ya zo mini ta ajiye biron ta jira ni.

Daga kudancin Kaduna maigidana ya kawo ni Kakuri ina amarya, lokacin yana aiki a masaƙa. Jiniyar masaƙa ce agogonmu a wancan zamani. Da ita muke ɗora tukunya, da ita muke saukewa. Na haihu da dama, amma biyu ne suka tsaya mini: wannan mai rubutun, da autana, namiji.

Autana yana cikin rarrafe shan inna ya kama shi, ƙafar hagu ta shanye. Da ya girma, in zai yi tafiya sai ya dafa cinyar da hannu, ya jefa ƙafar gaba, ya ɗan tsaya, sannan ya jawo jikinsa. Duk wandon da na saya masa, a cinyar hagu yake fara koɗewa. Ko ina cikin ɗaki nakan gane shi tun daga bakin layi: taku ɗaya mai ƙarfi, ɗan shiru, sai jan ƙasa.

Kuma Allah ya sa masa son ƙwallo. In yara suka tafi filin bayan masaƙa sai ya bi su. Aikinsa gadin silifa da riguna. Yana zaune a kan tulin kayan mutane, shi ya fi kowa ihu, shi ke gaya wa masu ƙafa yadda za su buga. Ya dawo gida murya a dushe, yana ba babansa labari kamar shi ya ci wasan.

Da sojoji suka koma bariki aka ba farar hula mulki, mun yi murna, an ce mana komai zai gyaru. Mu a Kakuri abin da muka gani shi ne masaƙu suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Maigidana ya dawo zaman gida. Da safe sai ya yi wanka, ya sa riga, ya zauna a bakin ƙofa kamar mai jiran jiniya. Hawan jini ya shige shi, bai daɗe ba ya tafi ya bar ni.

A lokacin autana ya riga ya koyi gyaran kwamfuta a cikin gari. Sai ya kama wani ɗan shago a unguwar Television, kusa da inda bas-bas ke tsayawa, ya jera tsofaffin kwamfutoci, samari suna zuwa buga wasa. Da abokinsa suka buɗe, wani yaron unguwar Makera, Musulmi, wanda tun suna ƙanana yake ɗauko shi a bayan keke. Mama yake ce mini, a kwanona yake ci. Ni kuma na kafa tebur a bakin shagon ina sayar da kunun zaki da ƙosai, don haka duk gardamarsu a kunnena take.

Gardamar kuwa ɗaya ce kullum, a kan kati. Wani falle ne kamar tafin hannu, ana cusa shi a cikin cikin kwamfuta, shi ne yake zana hoton da ake gani a allo. Nasu duk na gwanjo ne, waɗanda Turawa suka gama morewa. A kwali suke zuwa, da ƙurar gidan wasu a jikinsu. Akwai wanda suka buɗe suka tarar da gashin kyanwa ya cika shi. Iri biyu na sani. Akwai mai fanka a jikinsa, wannan shi ne na autana. Akwai ƙarami marar fanka, wanda ba ya ko motsi, shi ne na abokin.

"Kai dai ka cika son hayaniya," in ji abokin. "Wannan naka ai injin markaɗe ne. Ga zafi, ga shan wuta, janareto har tari yake. Wata nawa zai yi maka?"

"Naka fa, malam? Beben kati. 'Yan wasa su taru a bakin raga, sai ya fara in'ina. Yaro ya buga ƙwallo yau, sai gobe ta shiga."

"Amma yana nan har jikokinka su gada."

"Jikokin su sayi nasu. Mama, zo ki raba mu. Da babur mai gudu na shekara guda, da baro na shekara goma, wanne za ki hau?"

"Ni ku sha kunun nan kafin ya yi tsami," na ce musu.

Wata rana da yamma ruwan sama ya kori samari, shago ba kowa. Sai na ji ya ce, "Mama, bar ƙosan nan ki zo ki ga wani abu." Na shiga ina goge hannu da zani. Ya zaunar da ni a gaban kwamfutarsa, wadda ba ya barin kowa ya taɓa. Wasan ƙwallo ne, ga fili kore, ga mutane cike. Ya matso da hoton wani ɗan wasa kusa. Na duba. Ga goshinsa mai faɗi irin na babansa. Ga kunnuwan nan da suka ɗan buɗe. Har ɗan gemun da nake masa faɗa a kai, yana nan. Ya ce a cikin wasan ana iya ƙera mutum, a zaɓar masa hanci da baki da tsawo, shi kuma ya daɗe yana ƙera kansa a ɓoye.

Sai aka busa usur. Aka ba shi ƙwallo. Ɗana ya zura da gudu.

Ban taɓa ganin bayan ɗana yana nisa da ni da sauri haka ba. Ƙafa biyu daidai, hannuwa biyu a sake, babu wanda ya dafa cinya. Ya wuce mutum ɗaya, ya wuce na biyu, rigarsa tana kaɗawa.

Na ce, "Wa ya ba ka ƙafa?"

Ya yi dariya har kujera tana girgiza. "Ni na ba kaina, Mama. Gudun ma na cika masa shi har ƙarshe, babu mai kamo ni a garin nan."

Na fita na tsuguna gaban kaskon ƙosai, na bar hayaƙi ya ɗauki laifin idona.

Da damina zazzaɓi ya kama shi. Muka ɗauka na sauro ne, ya sha magani ya koma shago. Kafin mu ankara cikinsa ya kumbura, a asibiti suka ce taifot ne ya huda hanji. Ina riƙe da ƙafar nan tasa ta hagu, ina matsa masa ita kamar yadda nake yi tun yana jariri, ya cika. Wayyo ɗana. Ni ya kamata ya rufe, ni ce na rufe shi. Muka kai shi ƙauye muka kwantar da shi kusa da babansa.

A wurinmu, bayan an gama zaman makoki dangi kan taru a fito da kayan mamaci a raba, kowa ya tafi da abin tunawa. Uwa ba a cika bar mata komai ba, wai don kada ta riƙa gani tana kuka. Ƙanen maigidana ne ya tsaya a kan rabon. Aka raba riguna, aka raba takalman nan da ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, aka ce kwamfutocin shago a sayar. Na nuna tasa na ce wannan tawa ce.

"Haba matar yaya," in ji shi. "Me za ki yi da kwamfuta? Tuwo za ki tuƙa a ciki?"

Aka yi 'yar dariya, irin ta gidan makoki. Na tashi na je na zauna a kan akwatin kwamfutar, na gyara zanina. Na ce wanda yake so ya zo ya ɗaga ni. Babu wanda ya zo.

Abokin ne ya kawo mini ita ɗaki ya haɗa. Ya saita ta yadda za ta riƙa buga wasan da kanta, ba sai an riƙe komai ba. Da ya ga ba zan iya karanta rubutun ba, sai ya karɓi jan farcen 'yata ya ɗiga a kan maɓallan: wannan ɗigo ɗaya, wannan biyu, wannan uku. In na bi su a jere, sai fili ya fito. Ran Lahadi in na dawo daga coci, in akwai wuta, sai in cire ɗankwali in zauna in kalli ɗana yana gudu. Wani lokaci ya ci, wani lokaci a ƙwace masa, in yi ta faɗa da wanda ya ture shi.

'Yata ba ta so. Ga ta nan, ba za ta musa ba. Takan ce, "Mama, zane ne fa. Ba shi ba ne." Matan zumunta ma sun zo sun yi mini addu'a a kai. Na ce musu na san zane ne, ban haukace ba, na san inda na kwantar da ɗana. Amma hotunansa da ke bango duk a zaune yake, ko a tsaye ya ɓoye ƙafar a bayan wani. A nan kaɗai yake yadda ya so kansa.

Haka muka yi shekaru. Sai wata Lahadi fili ya tsattsage, layuka suka sauko kamar ruwan sama, fuskokin mutane suka koma shuɗi. Na ji wari kamar an ƙona roba. Allo ya yi baƙi.

A lokacin abokin ya daɗe da barin Makera. Tun da garin nan ya rikice mutane suka rabu, su Musulmi suka haye gadar kogi, mu muka tsaya a nan, ba kowa ke son ƙetarawa ba in ba dole ba. Amma da 'yata ta kira shi a waya, ranar Asabar sai ga shi da leda a hannu. Ya zama magidanci, har da furfura a gemu. Ya durƙusa ya gaishe ni, na kama kansa, muka yi kuka tare kafin a ce komai.

Ya kwance kwamfutar ya zaro katin, ya shinshina, ya girgiza kai.

Na ce, "Ya sake mutuwa ke nan?"

"A'a Mama, Allah ya jiƙansa, yana nan. Ba a cikin katin yake ba, yana cikin wancan ƙarfen da kwamfuta take ajiya a ciki, lafiyarsa lau. Katin mai zana shi ne kawai. In mun sami wani mai zanen, za ki gan shi."

Ya buɗe ledar, ga katuna naɗe a tsohuwar jarida. Ya fara ɗaga wani ƙato mai kyau, na yayi. Ya ce wannan ya kawo ne don kada in ce bai nema ba, amma bakinsa ba irin na kwamfutarmu ba ne, ba zai shiga ba. Ya ce ya ma gwada irin wasan a sabuwar kwamfuta a shagonsa, fuskokin suka fito da dabbare-dabbare, sababbin ba su san tsohon wasa ba. Ya mayar da shi jarida.

Sai ya ɗauko ƙarami marar fanka. Na gane shi tun kafin ya yi magana.

"Bebenka," na ce.

Ya yi murmushi. "Shi ne, Mama. Ga araha, ba ya zafi, ko ƙaramin janareto zai ɗauke shi. Wannan in na sa miki, sai dai ki gaji da shi."

Ya cusa, ya kunna. Fili ya fito. Ga goshin, ga kunnuwan, ga gemun. Na tafa hannu na ce Ubangiji na gode. Aka busa usur, ƙwallo ta yi yawo, ta zo wurinsa a inda 'yan wasa suka taru. Ya ɗaga ƙafa. Sai hoton ya tsaya. Ya yi tsalle gaba kaɗan. Ya sake tsayawa. Ya ja.

Taku ɗaya, ɗan shiru, sai ja.

Ban san lokacin da na yi ihu ba. "Kashe! Kashe shi!" 'Yata da take cewa zane ne, na ga ta toshe bakinta da hannu biyu. Ita ma ta gane tafiyar.

Abokin ya rikice. Ya ce in yi haƙuri, katin ne ba shi da ƙarfi, in mutane suka yi yawa a fili sai ya kasa zana su da sauri. Ya ce bari ya rage masa kaya. Ya cire 'yan kallo, ya cire inuwa, ya rage kyan hoton. Ya sake kunnawa. To, yanzu kam ana gudu. Amma fuskar ta narke, ba goshi, ba gemu, wani dunƙulen baƙi ne kawai a kan riga. Da a kasuwa na gamu da shi, ba zan waiga ba.

Na ce, "Wannan ɗan wa ne?"

Ya zaro katin a hankali. Ya daɗe yana kallon ledar kafin ya fito da na ƙarshe, mai fanka, ɗan'uwan wanda ya ƙone. Ya ce a ƙasan kwalin wani dila ya tono shi, shi kaɗai ya rage, dilan ma da ya ga ana so sai ya tsauwala. Fankar tana lilo, ya ce a samo masa man keken ɗinki. 'Yata ta karɓo a maƙwabta, ya ɗiga, ya hura, ya cusa.

Ƙarar ta tashi, irin ta injin markaɗe. Ni kuwa kamar an buɗe mini ƙofar shagon Television. 'Yan kallo suka dawo, inuwa ta dawo, fuska ta dawo. Aka ba shi ƙwallo a gefen fili, ya kwasa, babu tsayawa, babu in'ina, har bakin raga.

Muka yi ta kallo. Can sai abokin ya ce, "Mama, ba zan ɓoye miki ba. Kin ga waɗannan 'yan gwangwanayen da ke jikinsa? Sun fara kumbura. An more shi sosai kafin ya zo ƙasar nan. Zai iya kai bazara, zai iya wuce ta, amma ba mai daɗewa ba ne. Kuma irinsa sun daina zuwa. In ya tafi, shi ke nan."

"Ƙaramin fa?" in ji 'yata.

"Wannan zai yi shekaru."

Ta juyo wurina, ta durƙusa, ta dafa gwiwata. "Mama, ki ɗauki ƙaramin. Ai ni ma ƙanena ne. Ko yaya yake tafiya, ba haka muka san shi ba? Haka muka so shi. Za ki riƙa ganin fuskarsa kullum. Wannan mai ƙarar, rana ɗaya zai ƙone ki dawo ki zauna kina kallon baƙin allo, ni kuma in rasa yadda zan yi da ke."

Gaskiya ta faɗa, na sani. Na so ɗana da ƙafarsa yadda take, ni na wanke ta, ni na shafa mata mai, ban taɓa jin kunyarta ba. Amma wuri ɗaya tak yaron nan ya gina wa kansa inda ba ya dafa cinya. Bai roƙi kowa ba, shi ya zauna ya ƙera. In shiga can kuma in mayar masa da ɗingishi, don ni in daɗe ina kallo?

Na ce, "Bar mai fankar a ciki."

"Mama..."

"Na ce a bar shi."

Abokin ya sunkuyar da kai yana ɗaure ƙusoshi. Sai na ji ya yi wata dariya, hawaye yana sauka a gemunsa. "Kin gani ko, Mama? Yana kabari ma ya ci ni gardama. Babur ɗin dai kika hau."

Da zai tafi ya bar gefen kwamfutar a buɗe don iska ta riƙa shiga. Ya ce kada in kunna da tsakar rana, kuma in an tafi hutun rabin lokaci in kashe ta ta huta. Bayan ya fita ne muka ga ya bar ƙaramin katin a kan tebur, naɗe a jaridarsa. 'Yata ta bi shi da shi har bakin titi, ya ce a ajiye, ko da wata rana.

Na yi jinyar katin nan kamar mutum. Na matsar da tebur kusa da taga. In na kunna, sai in jawo kujera gefen da yake buɗe, ido yana kan allo, hannu yana yi masa fifita da mafici. In fankar ta fara kuka, 'yata ta ɗiga mata mai. Rabin wasa kawai nake kallo, in ce masa ya isa haka, je ka huta. Katin ya wuce bazarar farko, har na fara cewa abokin bai san aikinsa ba.

A bazara ta biyu ne, wata Lahadi da la'asar, zafi kamar a cikin tanda. An ba ɗana ƙwallo, ya taho ta gefen nan da ya saba. Sai ƙarar fankar ta sauka, ta yi shiru. Hoton ya tsaya cak. Na ji warin roba. Amma allon bai yi baƙi ba wannan karon. Ɗana yana nan a tsakiyar gudu, jikinsa ya karkata gaba, ƙafafunsa biyu duk ba su taɓa ƙasa ba.

'Yata ta shigo za ta zare waya daga bango, na riƙe hannunta. Muka zauna ni da ita a bakin gado muna kallonsa a sama haka. Ba ta ce zane ne ba. Muna nan har masu wuta suka ɗauke abarsu.

Abokin ya sa an duba masa har Legas, ba a samu ba. Kwamfutar tana nan a ɗakina, na rufe ta da zanin da na goya shi da shi. Ƙaramin katin yana cikin kwalla tare da kayana na coci. Lokaci lokaci, in 'yata ta ga na yi shiru da yawa, takan ce, "Mama, in kira shi ya zo ya sa miki ƙaramin? Ko fuskar ki gani." Yanzun nan ma da ta ajiye biro ta sake tambaya.

Na ce mata a'a. Waccan tafiyar ba sai an kunna mini ita ba. Kullum da yamma in na zauna a bakin ƙofa ina jin ta tana tahowa daga bakin layi, taku ɗaya, ɗan shiru, sai jan ƙasa, in ɗaga kai in ga ba kowa. A cikin akwatin can kuwa, inda na bar shi ke nan, ƙafa biyu a sama. Kada kowa ya sauko mini da shi.